Jan Hatimin Notari Ba Ya Mallaka Maka Fili

Tun da rashin tsaro ya fara koro jama'a daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu zuwa Gusau, fili ya yi daraja a unguwannin bakin gari irin su Damba. Darajar kuwa ta zo da wata magana da ke yawo a bakin dillalai: wai idan aka kai takardar ciniki wurin notari ya manna mata jan hatimi, magana ta ƙare, ko kotu ba ta isa ta taɓa filin ba. Wasu ma har hujja suke kawowa da Maraɗi, su ce ai can haka ake yi. Batun Maraɗi akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Matsalar ita ce Gusau ba a Nijar take ba, kuma notarin Maraɗi da na Gusau suna kawai ya haɗa su, aikinsu daban.

Nijar ta gaji tsarin shari'arta daga Faransa, inda wata doka ta 1803, zamanin Napoleon, ta tsara aikin notari kusan yadda aka san shi a yau. A wannan tsari notari jami'i ne da hukuma ke naɗawa, ita ce kuma ke ƙayyade kuɗin aikinsa. Ba lauyan mai saye ba ne, ba na mai sayarwa ba, tsakiya yake tsayawa. Kafin ya ɗora alƙalami sai ya tabbatar da ko su wane ne a gabansa, ya binciki ko mai sayarwa shi ke da abin, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai magada da ba a sallama ba. Shi ke rubuta takardar, ya karanta wa kowa, ya fayyace masa abin da zai hau kansa. Asalin takardar a ofishinsa take zama, kwafi ake ba masu ciniki. A Faransa shekara 75 doka ta ce ya adana ta kafin a miƙa ta ga ma'ajiyar tarihi. Idan sakacinsa ya jawo wa wani asara, shi za a bi ya biya.

Wannan nauyi ne ya ba takardarsa ƙarfi. Abin da ya rubuta cewa a gabansa aka yi, kotu na karɓarsa a matsayin tabbatacce, mai musu kuwa sai ya buɗe shari'a ta musamman ta zargin jabu. A ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci ta 1993 da Nijar ke cikinta, takardar bashi ta notari mai ɗauke da umarnin zartarwa ta isa a bi dukiyar wanda ya ƙi biya, ba sai an jira hukuncin alƙali ba. Amma ko a can ba kowane ciniki ke bi ta hannunsa ba. Gonakin karkara, bisa dokar 1993 ta harkokin karkara, kwamitocin filaye ne ke ba da shaidarsu.

Mu kuwa tsarin Ingila muka gada. Notarinmu lauya ne da ya daɗe yana aiki, Babban Jojin Najeriya ya naɗa shi, aka rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Dokar 1936 ce ke tafiyar da aikin har zuwa 2023, lokacin da aka yi sabuwa wadda ta yarda a yi shi ta intanet. Aikinsa shi ne ya shaida cewa wane ne ya sa hannu a gabansa, ya rantsar da mai rantsuwa, ya tabbatar kwafi ya yi daidai da asali, ya hatimce takardar wakilci ko wadda za a fita da ita ƙasar waje. Ɗalibin da zai tafi karatu Masar da ɗan kasuwar da zai wakilta wani a Dubai sun san amfaninsa. Amma hatimin ba ya cewa mai sayarwa shi ke da filin. Haka ma takardar rantsuwa da ake yankowa a kotu: abin da ka faɗa ka rantse a kai aka rubuta, babu wanda ya taka zuwa Damba ya duba.

A kwatanta da ɗaurin aure. Notarin Maraɗi shi ne limamin da ba zai ɗaura ba sai ya tambayi waliyyi, ya ji sadaki, ya tabbatar bazawara ta gama idda. Notarin Gusau yana cikin sahun shaidu. Ya ji an nema, ya ji an bayar, ya shafa fatiha. In daga baya ta bayyana cewa da igiyar wani a kan matar, shaidarsa gaskiya ce, an ɗaura a gabansa, amma auren babu shi. Ko shaidu sun cika masallaci ba za su halatta shi ba.

Duk wanda ya taɓa sayen filin awon igiya ya san kamannin takardar. Falle ɗaya ce, wani lokaci daga littafin 'yan makaranta aka yago ta: ni wane na sayar wa wane filina, gabas ya yi iyaka da wane, yamma da hanya. A ƙasa ga sa hannun shaidu biyu, ɗaya da dangwalen babban yatsa, ga tambarin mai unguwa, dillali ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Yanzu sai a ɗauki wannan fallen a manna masa jan hatimi mai haƙora zagaye, a matse shi da ƙarfe har rubutu ya kumburo a jikin takarda. Kwarjini kam ta samu. Amma in filin gado ne da ba a raba ba, babban wa ya sayar a bayan idon ƙannensa mata, ko kuwa an riga an sayar wa wani bara, hatimin bai gyara komai ba. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun haɗu a kan cewa mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba.

Ga kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Mutum haƙƙin zama da amfani yake riƙe da shi. Fili mai takardar mallaka ta gwamna ba ya canza hannu sai da amincewar gwamna, cinikin da ya tsallake wannan kuwa doka na iya rushe shi. Babu notarin da hatiminsa ke maye gurbin wannan amincewa.

Abin takaici shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da adalcin marubuci da kafa shaidu ta sauka. Malaman Malikiyya sun mai da rubuta takardun ciniki fanni guda na ilimi, kuma har gobe a Maroko adilai biyu ne da hukuma ta yarda da su ke rubuta takardar aure da ta gado. Jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999 bai kamata a ce cinikin miliyoyi na tafiya a cikinta kan fallen takarda ba. Laifin ma ba na jama'a kaɗai ba ne. Muddin neman takardar hukuma na nufin zarya daga wannan ofis zuwa wancan, talaka zai ci gaba da neman gajeriyar hanya, masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku kuma su ci gaba da cin kasuwarsu. Ya kamata hukumar filaye ta jihar, wato ZAGIS, ta sauƙaƙa binciken fili, ta bayyana kuɗinsa a fili yadda kowa zai sani.

Kafin a kai ga haka, aikin da notarin Maraɗi ke yi wa mai saye, a nan kai za ka yi wa kanka. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga asalin takardu. Ka je hukumar filaye a duba maka ko wurin na cikin shatar gwamnati ko da sunan wani a kansa. Ka tambayi maƙwabtan filin da mai unguwa, kowa daban. In gado ne, ka nemi takardar rabo daga kotun shari'a, magada su sa hannu. In da hali ka ɗauki lauya, ka gaya masa bincike kake so, domin wannan aiki ne daban da buga hatimi, kuɗinsa ma daban. Bayan duk wannan, in kana so, sai a kai wa notari.