Kafin a tsoma ƙwan agwagwa a ruwa

Duk wanda ya taɓa kiwon agwagi ya san abin da yake tararwa da safe, musamman da damina. Ta gida mai jan fuska takan nemi lungu ta ɓoye sheƙarta, amma ko ita da jiƙaƙƙun ƙafafu take hawa kan ƙwanta. Irin waɗanda ake kiwo don yawan ƙwai kuwa, in ba a tanadar musu wuri ba, duk inda ta kama nan suke sakinsa: gindin randa, bakin kwata, tsakiyar caɓin da suka kwana suna tattakawa. Sai ka ɗauko ƙwai ka tarar laka ta shafe shi, kashi ya bushe a gefe guda, ga gashi ya manne.

Da daminar bara na shiga gaida wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai agwagi, na same ta a tsugune gaban baho. Ta zuba ƙwai kusan ashirin cikin ruwa, ta barbaɗa omo, tana ɗaukowa ɗaya-ɗaya tana dirzawa da soson wanke-wanke. Ruwan har ya koma ruwan ƙasa. Na ce, "Inna, wannan ruwan na randa ne?" Ta ce, "To daga ina zai fito, ɗan nan? Kai za ka sayi ƙwai da kashi a jikinsa?"

Gaskiyarta, ba zan saya ba. Da ma mutane da yawa a ƙasar Hausa suna ƙyamar ƙwan agwagwa saboda inda suke ganin tana kiwo, balle a kawo shi kasuwa da dauɗa. Niyyar Inna tsafta ce. Sai dai irin wannan wankin shi ne garin neman gira a rasa ido, kuma dalilin yana jikin ɓawon kansa.

Ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba kamar tangaran. Yana da ƙananan huji da ido ba ya gani, a ƙwan kaza kaɗai sun haura 7,000, ta nan ɗan tsako yake shaƙar iska kafin a ƙyanƙyashe shi. Dab da ƙwan zai fito, jikin uwar yakan shafa masa wani siririn rufi mai danshi wanda ke bushewa cikin 'yan mintoci ya liƙe bakin hujin. A ƙwan agwagwa rufin nan ya fi kauri, shi ne santsin da kake ji a hannu kamar an goga kakin zuma. Tsuntsuwar da ke rayuwa a bakin ruwa, Allah ya yi wa ƙwanta rigar ruwa. Soso da omo wannan rigar suke fara cirewa.

Sanyin ruwan ya fi soson ɓarna. Abin da ke cikin ƙwai yakan tsuke idan ya ji sanyi, kuma in ya tsuke sai ya zuƙo abin da ke waje ta cikin hujin, kamar yadda robar ruwa da ka matse take zuƙar iska in ka sake ta. Ƙwan da ya kwana a ɗumin ɗaki aka jefa shi cikin ruwan randa, ruwan bahon ne yake sha kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayoyin cutar da suka narke daga kashin sauran ƙwayayen. Ɗaya mai ƙazanta ya isa ya raba wa goma sha tara. A ido an fito da ƙwai fari tas, alhali dauɗar ta koma inda soso ba ya kai wa. Idan ruwan na rijiya ne mai tsatsa, wanda ke bar wa bokiti jan tabo, abin ya ƙaru, domin sinadarin ƙarfe abinci ne ga ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙwai.

Wannan zuƙar ma tana faruwa tun kafin hannun mutum ya taɓa shi. Ƙwai yana fitowa da zafin jikin uwarsa, wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ta ƙofar da kashi yake bi, sannan ya huce. In ya huce kan busasshiyar ciyawa, iska ya zuƙa, ita ce ke taruwa a ɓangarensa mai faɗi. In ya huce cikin caɓi, caɓi ya zuƙa. Shi ya sa a ganina ƙwan da aka tsamo daga laka tsamo-tsamo bai cancanci kasuwa ba ko an wanke shi da ruwan da ya fi kowanne tsafta.

Ƙwayar cutar da aka fi tsoro sunanta salmonela. Tana zama cikin hanjin tsuntsu ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, wani lokaci ma tana shiga ƙwan tun yana ciki. A jikin mutum tana kawo gudawa da murɗar ciki da zazzaɓi, daga sa'o'i 6 zuwa kwana 6 bayan an ci. Babba mai ƙarfi yakan warware cikin mako guda, amma ƙaramin yaro da tsoho da mai juna biyu tana iya kai su gadon asibiti. Ƙwan agwagwa ya daɗe da yin suna a kanta. Tun shekarun 1930 Jamus ta yi dokar da ta tilasta buga hatimi a jikin kowane ƙwan agwagwa na sayarwa, mai gargaɗin a dafa shi sosai. A 2010 ma an sami ɓarkewar cutar a Ingila da Ayilan, bincike ya kai ga ƙwan agwagwa.

Manyan ƙasashe sun rabu biyu kan maganar wanki, ko da yake dokokinsu sun fi shafar ƙwan kaza. A Amurka wankewa ake yi da inji, kuma ƙa'idarsu ita ce ruwan kada ya gaza digiri 32, ya kuma fi ƙwan ɗumi da aƙalla digiri 11, a busar nan take, sannan ƙwan ya zauna cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba har ya isa kanti. Tarayyar Turai ta bi ɗaya hanyar: ƙwai mai daraja ta ɗaya ba a wanke shi, sai a 'yan wurare irin Suwidin da aka ba izini. Hujjarsu ita ce a bar wa ƙwai rigarsa, manomi kuma ya tsaftace ɗakin kajinsa tunda ba shi da damar ɓoye ƙazanta da ruwa.

Wacce ta dace da mu? Hanyar Amurka a kan wutar lantarki take tsaye, daga gona har tukunya. Mu kuwa ƙwanmu kan faifai yake zama, ko cikin kiret a teburin mai shayi, cikin zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Ko mai firiji ma, in aka ɗauke wuta ƙwan ya fara gumi, wannan gumin hanya ce ga ƙwayoyin cuta su bi ta huji. Wanda ya cire wa ƙwai rigarsa a irin wannan yanayi ya bar shi tsirara a rana. Don haka ni ina bayan Turawan Turai a wannan magana, kuma aikin nasu ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Agwagi sun fi yin ƙwai tsakanin asuba da hantsi. A bar su a rufe har wajen ƙarfe 9, sannan a sake su a kwashe ƙwan kafin su dawo da laka. A yi musu gurbi a ƙasa cikin lungu mai ɗan duhu, a shimfiɗa buntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa da kauri, a riƙa sauyawa da zarar ya jiƙe. Kwanon ruwansu a kai shi can nesa da gurbin, don agwagwa ba ta shan ruwa sai ta yi wanka da shi. Wanda ya yi wannan zai ga yawancin ƙwansa sun fito ba sa neman wanki. Mai ɗan tabo kuma a bari ya bushe, a kankare da farce ko a share da busasshen tsumma mai tsafta, a hankali.

Akwai ranar da wankin zai zama dole. To a ajiye baho, a ɗauko buta. A zuba mata ruwan da aka tafasa ya huce har hannu yana iya jurewa amma yana jin ɗuminsa sosai. A riƙe ƙwan ɗaya-ɗaya a tsiyaya masa ruwan yana zubewa ƙasa, a murza da yatsa, ba jiƙawa, ba omo, ba sabulu mai ƙamshi, don ƙwai yana ɗaukar wari. A jera su inda iska za ta busar da su sarai kafin su shiga kiret, tsinin yana kallon ƙasa. Kiret ɗin ma a duba shi, don na takarda da ya sha fasasshen ƙwai a gonaki uku ya fi gurbin agwagwar ƙazanta. Wankakken ƙwai shi za a fara sayarwa, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a gauraya shi da wanda ba a wanke ba. Mai tsaga ko da siririya ce a cire shi. Wanda za a ba uwa ta kwanta a kai kuwa, kwana 35 ɗin da ta gida take yi kafin ta ƙyanƙyashe, kada a wanke shi, don wankakke ne ya fi saurin zama baragurbi. Bayan an gama, mai aikin ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa abinci ko jariri.

Abin da ya rage tsakanin mai sayarwa da mai saye ne. Ƙwan agwagwa ya fi na kaza girma da kauri, zafi yana daɗewa kafin ya ratsa tsakiyarsa, saboda haka mintocin da suka ishi ƙwan zabi ba su ishe shi ba. A ba shi minti 10 cikin ruwa mai tafasa, in soyawa ne a bari kwanduwar ta daskare. Masu haɗa kek da shi suna son sa don maiƙonsa, wannan ba laifi tunda wuta za ta ci shi, amma kada a bar yara su lashe kwaɓin.

Da na koma wajen Inna bayan 'yan makonni, na tarar ta sa jikanta ya kawo mata buhun buntu daga injin casar shinkafa. Bahon yana nan a jingine, wanke-wanke ake yi da shi. Kan kowane ƙwai kuma yaron yana rubuta ranar da aka ɗauke shi da fensirinsa na makaranta.