Wayarka Na Taɓa Kanta Idan Tana Caji? Duba Inbatar Gidanku

Ka sa waya a caji, sai ka ga sikirin yana buɗe manhajoji da kansa, ko ka danna harafi wani ya fito. Da yawa sukan garzaya wajen mai gyara a canza sikirin, a kashe kuɗi, matsalar kuma tana nan. A gidajen da ke da sola mai haɗe da wutar NEPA, wani lokaci laifin na inbata ne.

Faifan sola yana ba da wutar DC, kayan gida kuma wutar AC suke so, mai bolt 230 da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Don yin wannan canji, inbata tana kunnawa da kashe wuta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Wannan saurin ne ke haifar da hayaniyar lantarki, wadda ke bin kebul ko ta bazu a iska. Idan cajarka mai arha ce, ba ta da matatar kirki, hayaniyar sai ta wuce har sikirin, shi kuma ya ɗauka yatsa ne.

Yadda za ka gane

Da farko cire wayar daga caji. Idan ta dawo daidai, sikirin lafiyarsa ƙalau. Sai ka gwada caja ta asali, ko fawa bank.

Na biyu, lura da lokaci. Inbatar da ba ta da batir tana hutawa da dare. Idan matsalar ta rana ce kaɗai, ka sami bakin zaren.

Na uku, ɗauki rediyo mai batir, ka kama matsakaicin zango inda babu tasha, ka matsa kusa da inbatar da kebul ɗinta. Inda ƙarar ta fi ƙarfi, nan hayaniyar ke fita.

Magani

A duba kebul ɗin da ke binne a ƙasa, domin ta nan matatar inbata ke zubar da hayaniya. Idan ya kwance ko ya yi tsatsa, aikin matatar ya ragu. Kebul biyun da ke saukowa daga faifan sola su tafi a jere, manne da juna, don idan aka raba su sukan zama kamar eriya. A nisanta kebul ɗin intanet da na talabijin daga na wuta. Zoben ferrite, irin ƙullutun nan da ke jikin cajar laptop, shi ma yana taimakawa idan aka maƙala shi a kebul.

Amma kada ka buɗe inbata da kanka. Faifan da aka jera suna iya kai ɗaruruwan bolt muddin rana na sama, ko da an ɗauke wuta. Gwajin naka ne, gyaran kuma na ƙwararren mai aikin sola ne.