HOTON BAN KWANA DA MAKARANTA A ƘASAR AMURKA

A ƙasar Amurka, tun kafin yaro ya shiga ajin ƙarshe na makarantar sakandare, watau aji na 12, akwai wata hidima wadda takan tayar da hankalin gida kamar an zo biki. Hidimar kuwa ita ce ta ɗaukar hoton ban kwana. Wannan hoto shi ake bugawa cikin kundin shekara, watau littafin nan da makarantu kan fitar ɗauke da fuskokin ɗalibansu, kuma shi ne zai zauna a bangon falon iyaye har mai shi ya yi furfura.

Galibi akan ɗauki hoton a dogon hutun da ke tsakanin watan Yuni da na Agusta, yaro yana da shekara 17 ko kusa da haka, domin makarantu sukan yanka ranar rufe karɓa tun farkon zango. Wanda ya makara, sai a buga sunansa ba fuska. Kada kuwa mai karatu ya zaci ƙaramar sana'a ce. Kamfanin Lifetouch, wanda ya faro ɗaukar hotunan 'yan makaranta a jihar Minnesota cikin 1936, an sayar da shi ga kamfanin Shutterfly cikin 2018 a kan dala miliyan 825.

Hoton iri biyu ne. Na kundin shekara yana da ƙa'ida. A makarantu da dama, musamman na kudancin ƙasar, akan yafa wa yarinya wani baƙin ƙyalle mai kama da karan-miski wanda ke barin wuya da kafaɗu a buɗe, namiji kuma a sa masa baƙar kwat da farar taguwa. Kayan duk na mai hoto ne, aro ake ba da su na 'yan mintoci, kuma tun da daga ƙirji zuwa sama ake ɗauka, ba abin mamaki ba ne a ga saurayi cikin kwat irin ta angwaye alhali daga ƙasa gajeren wando ne da silifa.

Na biyun shi ne mai cin kuɗi. Iyaye kan ɗauki hayar mai hoto a fita gona ko bakin ruwa dab da faɗuwar rana, lokacin da haske ya yi laushi, yaro ya yi ta sauya tufafi, ya riƙe ƙwallonsa ko abin kiɗansa, ko ya jingina da dokinsa. Wannan yakan lashe ɗaruruwan daloli, saboda haka ɗan talaka yakan tsaya ga na kundin kurum.

Masu sana'ar suna da gargaɗin da suke maimaita wa iyaye. A yi aski kamar mako guda kafin ranar, don kai ya daidaita, kuma kada a gwada sabon salon gyaran gashi a jajibiri. Mai tabarau ya nemi wanda aka cire wa gilashi, gudun walƙiyar fitila. A guji tufa mai rubutu ko zane mai yawa. Ƙurajen fuska kuwa, waɗanda su ne babban abin fargabar samari da 'yan mata, a ƙyale su kada a matse, gama da kwamfuta ake share su.

To, a nan ne fa gizo ke saƙa. In an share ƙurji, sai a share tabo, sai a ƙara wa haƙora fari, har a wayi gari hoton ya fi kama da yaron da uwa take so bisa ga wanda ta haifa. Shi ya sa masu hoto da yawa kan roƙi iyaye su bar yaro ya zaɓi ko da tufa ɗaya da kansa, su kuma ja da baya lokacin ɗauka, domin wanda aka tsare da ido ba ya murmushin gaskiya.

Makarantu ma sukan sa hannu cikin lamarin. Cikin 2021, a makarantar Bartram Trail ta jihar Florida, an gyara hotunan 'yan mata kimanin 80 a kundin shekara da kwamfuta, aka rufe musu ƙirji da kafaɗu ba tare da an shawarce su ba. Iyaye suka yi ca, har hukumar makarantar ta yi tayin mayar da kuɗi ga wanda ya maido littafin.

Ga 'ya'yan Musulmi mazauna can, matsalar ta juya ne. Baƙin ƙyallen nan mai buɗe kafaɗu ba ya tafiya da hijabi. Don haka wajibi ne uba ko uwa su tuntuɓi makaranta da mai hoto tun da wuri, su ji ko za a yarda yarinya ta sa baƙar riga mai dogon hannu daga ciki, ta yafa ƙyallen a kai, ko kuwa a ɗauke ta cikin rigar saukar karatu da hularta.