Kufai a Tsakiyar Gona

 

Da kaka, bayan an yi girbi an kwantar da kara, ƙasar Ɓaɓura kan buɗe har iyakar ganin ido. A lokacin ne mai lura zai hango kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar gona, ba gida ko ɗaya kusa. Matsa ka gani. Ƙasar wurin baƙa ce saboda tsohuwar toka da juji, tsingaro ko'ina, wani wurin har da bakin karofi da ya cike. Can gefe kuma ga wani tudu ya miƙe ya yi kwana, da kwari a bayansa. Ganuwa ce ta narke. Wurin nan kufai ne, gari ne da ya tashi.

Me ya sa ƙaramin gari zai wahalar da kansa da ganuwa? Ku dubi inda yankin yake: Kano a kudu, Daura a yamma, Damagaram a arewa. Tun da Ɗantunku ya kafa Kazaure wajajen 1819 yana gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har zuwa hare-haren Damagaram na ƙarshen ƙarni na 19, talaka bai kwana da ido biyu rufe ba. Mai hali ya gina ganuwa, marar hali ya yi kafi da itace da ƙaya. Mutanen Roni kuwa duwatsu sun rage musu aiki.

To, ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Ailan da ke yammacin Ingila akwai irin waɗannan da'irori na ƙasa da dutse, kimanin 45,000 da aka sani, akasarinsu an gina su tsakanin shekara ta 500 da ta 1000 miladiyya. Yawancinsu gidan manomi guda ne da garkensa, ya kewaye don ɓarayin shanu. Abin da ya tsare da yawansu har yau zai ba ku dariya: manoman can sun daɗe suna cewa gidajen aljanu ne, wanda ya sare ko reshe a ciki zai gamu da tsautsayi. Ashe "kada ka taɓa tsamiyar nan, akwai mutanen ɓoye" ba a ƙasar Hausa kaɗai ake faɗinta ba!

Amma su ba su tsaya ga tsoro ba. Tun shekarun 1830 masu safiyo suka riƙa sa su a taswira, yau kuma doka na hukunta wanda ya rushe. Mu ma muna da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma Surame, birnin Kanta na Kabi, tana cikin wuraren tarihi da gwamnati ta ayyana. Sai dai kufan ƙauye ba Surame ba ne. Tarihinsa na bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke.

Ni ban ga laifin manomi ba. Gonar gado an raba ta har ta zama tafin hannu, taki ya yi tsada, ga ƙasar kufai tana ba da gero ba ko buhu ɗaya na takin zamani. Garmar shanu kan shafe tudun a hankali, tarakta kuwa yini guda ya ishe ta. Abin da nake roƙo kaɗan ne: dagatai da malaman makaranta su zauna da dattawa, a rubuta sunan kowane kufai, su wa suka zauna cikinsa, me ya tashe su, ina suka koma. Littafi da biro kawai aikin ke ci.

Mai sauraro, idan akwai kufai a gonarku, aiko mana da sunansa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.