Masuntan Kogin Kaduna da Tarwaɗar Cikin Gari

Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu. Daga tsaunukan Jos ya taso, ya shigo ta Malali da Unguwar Rimi da Kabala, ya bi ta gefen Barnawa da Tudun Wada da Nasarawa, sannan ya nausa Shiroro, har ya je ya faɗa kogin Kwara daura da Pategi bayan tafiyar kilomita wajen 550. Yawancin mutanen gari ta saman gada kawai suka san shi, ko kuma ranar da ya tumbatsa ya shiga gidaje, kamar yadda ya yi a watan Satumban 2003. Amma akwai mutanen da a cikinsa suke wuni, a bakinsa suke kwana, kuma da abin da suka fitar daga cikinsa suke ciyar da iyali.

Masuntan ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Sarkawa masu asali da ƙasar Kabi da Yawuri, waɗanda su gadonsu ne kaka da kakanni. Akwai Nufawa da suka biyo ruwan daga ƙasa. Akwai kuma Gbagyi, waɗanda suna zaune a wannan yanki tun kafin Turawa su dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Gari ya girma ya kewaye su da gadoji da masana'antu da gidajen bene, su kuwa suna nan da kwalekwalensu na katako da gorar tuƙi.

Kifin da ya fi riƙe wannan sana'a a cikin gari shi ne tarwaɗa. Ana samun karfasa da ƙurungu da ragon ruwa, wani lokaci har da ramboshi, amma tarwaɗa ce ba ta yankewa. Dalilin yana jikinta. A bayan kanta, saman matsefin da kifaye ke numfashi da shi, Allah ya yi mata wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iska kai tsaye. Don haka ruwan da ya gurɓace, wanda karfasa za ta galabaita a ciki, ita sai ta leƙo sama ta ja iska ta koma. Tana iya yin sa'o'i a waje muddin fatarta na da danshi. Ba ta da ɓawo, sai santsi. Gashin baki takwas gare ta, da su take laluben abinci cikin duhu da laka, kuma ba ta zaɓe: tana, ƙwari, ƙananan kifi, mushe, tarkacen mayanka, duk nata ne. Da dare take kiwo, shi ya sa mai nemanta ba ya barcin kirki.

Shekarar masunci ruwan sama ne ke tsara ta. Idan aka yi ruwan farko a watan Afrilu ko Mayu, kogi ya yi ja da laka, sai tarwaɗa ta fara hawa ƙananan rafuka da ciyawar gaɓa don zuba ƙwai. A irin waɗannan ranaku har yaran unguwa kan tare bakin magudana da kwando da sanda. A Agusta da Satumba ruwa kan cika ya yi ƙarfi, sai gwani ne ke shiga tsakiya, sauran su tsaya gefe da guraye. Kakar masunta ita ce lokacin da ruwa ya fara ja, daga Oktoba zuwa shigowar hunturu, kifi ya ƙoshi yana komawa uwar kogi. Da rani kuwa duwatsu kan fito fili, ruwa ya maƙale a gurabe masu zurfi, nan ne ake lalube: mutum ya nutse ya zura hannu cikin kogon dutse ya damƙo kifi. Mai lalube bai san abin da zai taɓa ba, wata rana minjirya ce za ta girgiza shi har kafaɗa.

Kayan aikin ma kowanne da ranarsa. Birgi ana jefa shi ne daga tsaye, ya buɗe a sama ya faɗa da nauyin darmar da ke bakinsa. Kalli ana shimfiɗa shi a bar shi ya kwana. Gura ana zuba mata dusa a nutsar da ita da dutse. Amma maganin tarwaɗa na gaske shi ne mamari.

Mamari doguwar igiya ce da aka jera wa ɗaruruwan ƙugiyoyi kusa da kusa, kowace a rataye da ɗan gajeren zare. Tun da la'asar masunci zai zauna a inuwa yana warware ta, yana wasa bakin ƙugiyar da ta dakushe, yana jera su a jikin kara don kada su sarƙe. Gab da magariba zai tura kwalekwale, yaronsa na tuƙi a baya, shi yana gaba yana sakin igiya a hankali, nan ya ɗaura dutse, can ya ɗaura gorar roba don shaida. Ba a sa wa ƙugiyar mamari abinci. Kifi ne da kansa, yana yawon kiwo a ƙasan ruwa, zai gogi ɗaya ta kama fatarsa, yana fizga sai na kusa da ita su ƙara riƙe shi. Kifin da ba shi da ɓawo ba ya tsira daga wannan. Da asuba, kafin a kira salla ko ana idarwa, za a koma a bi igiyar hannu bayan hannu. Masunci kan gane girman abin da ke ƙasa tun daga yadda igiya ke motsi a tafinsa. Idan ya ɗago, ta bayan kai yake damƙa, yatsu a bayan ƙayoyin nan biyu na gefe, domin sukarsu kan kumbura hannu ta hana mutum aiki kwanaki. Masu fatsa da masu igiyar da ake sa wa abinci su kuma tana suke saƙalawa, ko gara, ko hanjin kaji, wasu har gutsuren sabulu.

Sana'ar tana da shugabanci, kuma wannan ne abin da ɗan birni bai cika sani ba. Sarkin ruwa ne ke raba rigima idan kallin wani ya hau na wani, ko aka ɗage wa mutum gura da dare, abin da masunta ke ɗauka babban abin kunya. Baƙon masunci ba ya jefa birgi sai ya kai gaisuwa. Idan yaro ya nutse wajen wanka, ko ruwa ya ci mai ɗibar yashi, gidan sarkin ruwa ake fara bugawa, yaransa ne ke shiga su nemo gawa, sau da yawa ba tare da an biya su ko sisi ba. Har yau kuma akwai iyayen da idan ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, wajen Basarke suke fara nufa don ya yi tofi a ruwa a ba shi. Sarkawa na riƙe da magungunan sanyi da na sukar ƙaya da suka gada, kuma ba kowa suke faɗa wa ba. Abin da ya kamata a ƙara a nan shi ne, ƙayar da ta ƙi fita ta asibiti ce, kada a kwana da ita.

Hantsi bai yi ba kifi ya bar hannun masunci. 'Yan sari da mata masu abinci na jira a gaɓa da robobi, ana tayi ana cewa albarka. Tarwaɗa mai rai ta fi tsada, don haka ake barinta cikin ɗan ruwa a rufe da buhu. A gida ana wanke santsinta da ruwan zafi ko toka ko lemun tsami kafin ta shiga farfesu da citta da masoro da kimba. Wadda ba ta samu mai saye ba sai banda: a lanƙwasa ta kamar gammo, a soke jelar a haɗa da kai, a jera a kan waya bisa rabin ganga, hayaƙin itace ya yi ta ratsa ta har ta yi baƙi ta bushe. Ita ce ke gyara miyar kuka da ta kuɓewa.

Yanzu tarwaɗar kogi tana da kishiya. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi, kuma mafi yawan wadda ake nunawa a yanka a gidajen farfesun Barnawa daga tankin siminti ta fito. Ta kiwo ta fi ƙiba da maiƙo, ta kogi ta fi tsauri da ɗanɗano, masu sanin kifi na bambance su tun daga launin fata.

Sai dai ɗanɗano ba ya nuna abin da kifi ya sha. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, magudanun Kakuri da Makera ke kai ruwan masana'antu cikin kogin. Yawancin masaƙun sun rufe, amma kwatocin unguwanni da jinin mayanka da baƙin mai na garejoji da leda ba su daina zuba ba, ga rafin Romi da ke ɗauko abin da ya fito daga wajen matatar mai. Tarwaɗa na jure duk wannan, kuma juriyar tata ce ke rufe wa mutane ido: ganin ana fitar da kifi kullum sai a ɗauka kogi lafiya lau yake. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba da jefa nakiya da amfani da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, amma har gidan sauro ana ganin yara na tace 'ya'yan kifi da shi.

Daga wannan kogi matatar ruwa ta Malali ke ɗibar abin da gari ke sha. Ya kamata hukumar kare muhalli ta jiha ta riƙa auna ruwan da naman kifin a kai a kai tana sanar da jama'a sakamakon, ta kuma jawo sarakunan ruwa cikin aikin, domin su ne ke fara ganin ranar da ruwa ya sauya launi.