Daga Randa Zuwa Kafireta: Ƙanƙara a Injin Ƙaramin Jirgi Yayin Sauka

Gabatarwa

A watan Nuwamba na 1925 ne jirage uku na sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Injinansu masu fistin ne da kafireta, kuma har yau akwai ƙananan jirage masu irin wannan inji, kamar samfurin TB-9 da aka horar da matuƙa da shi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa matuƙi ke tura iska mai zafi cikin kafireta gab da sauka, ko da a ƙasar zafi ne.

Yadda Ƙanƙarar Take Samuwa

Randar ƙasa da ke gidajen cikin birnin Kano ta isa misali. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Haka fetur yake yi a kafireta: idan ya zama tururi, sai ya zuƙe zafin iskar da ya gauraya da ita. Bugu da ƙari, iskar tana ratsa wani ƙuntataccen maƙogwaro, inda matsinta ke raguwa, ta ƙara sanyi. Abubuwan biyu na iya rage zafinta da fiye da digiri 20 a ma'aunin Salsiyos. In akwai laima, sai ta daskare a bangon maƙogwaron, ta shaƙe injin.

Saboda haka laima ce abin tsoro, ba sanyin gari ba. A Kano, watan Agusta na tsakiyar damina ya fi hunturu haɗari, domin iskar hunturu busasshiya ce.

Me Ya Sa Sai Lokacin Sauka?

Idan jirgi ya doshi sauka, matuƙi kan rage totur. Marfin totur ya kusa rufewa, ƙanƙara kaɗan ta isa toshe ragowar kafar, injin kuma ba ya fitar da zafi sosai. Mafi muni, alamar ba ta cika bayyana ba sai an buƙaci ƙarfi, misali idan an fasa sauka, sannan injin ya ƙi amsawa alhali ƙasa na kusa.

Rigakafin shi ne a buɗe iska mai zafi gaba ɗaya tun kafin a rage totur, lokacin da salansa, wadda ke ɗumama iskar, take da zafinta. Gudun farfela zai ɗan ragu. Idan injin ya soma gargada, ƙanƙara ce ke narkewa. Kuskure ne a mayar da iskar sanyi a wannan gaɓa.

Sai dai maganin yana da nasa lahani. Iska mai zafi tana rage ƙarfin inji, don haka akan rufe ta idan an fasa sauka. Sannan a yawancin jirage ba ta bi ta matacin iska, abin da ke ba ƙurar hunturu damar shiga injin idan an bar ta a buɗe a ƙasa.

Kammalawa

Kowane samfurin jirgi yana da ƙa'idarsa a littafin kamfanin da ya ƙera shi, ita ce kuma abin bi. Darasin dai ɗaya ne: zafin gari ba ya hana ƙanƙara a kafireta, kuma rigakafi ya fi magani.