Ganuwar Surame da Darasin Majami'un Ingila

Majami'ar Durham ta Ingila, wadda aka aza harsashinta a 1093, tana tsaye har yau, domin ana auna ginshiƙanta, ana rubuta tarihinsu, ana gyara tun kafin ɓarna ta yi nisa. Mu kuwa muna da Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kewaye da ganuwar dutse a ƙarni na 16, kafin sarautar Kabi ta koma Birnin Kebbi, daga bisani Argungu. Gidan tarihin Kanta yana adana makamai da tambura, amma ganuwa ba ta ɗaukuwa, kuma kowace damina tana rage ta. Wajibi ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta tura masana su auna ta, su zana taswirarta, kafin ta zama tsibin duwatsu.